Nauyi Nake Ji, Likita

Cikina na fari ya zo ne a shekarun da mutanen Gombe suka koyi tafiya suna waiwaye. Bam ya tashi a tasha, ya tashi kusa da kasuwa, har ta kai ko tayar mota ce ta fashe sai ka ga kowa ya watsar da abin hannunsa ya ranta a na kare. Muna zaune a unguwar Malam Inna, ni da maigida da mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan ke kira Goggo. Shi yana da shagon kayan gini, ni kuma ina koyarwa a wata firamare kafin laulayi ya zaunar da ni a gida.

Ni siririya ce tun asali, irin waɗanda ake tsokana da cewa iska za ta ɗauke su. Don haka da na fara cika, gidan ya ɗauki murna. Goggo ba za ta ambaci ciki da bakinta ba, ni ma ko za a yanka ni ba zan ambace shi a gabanta ba. Mu Fulani ne, kuma cikin fari a wurinmu ana ganinsa ana kau da kai. Iyakarta ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Ruwan gidan nan dai ya karɓe ki." Daga nan ta ƙara man shanu a miya, kullum da hantsi kuma ta dama fura da kindirmo ta ajiye a ƙofar ɗakina, ba ta taɓa cewa ga mai ita ba.

Zuwa asibiti da ciki awo muke ce masa, kuma sunan bai yi ƙarya ba, domin abin da ake fara yi wa mace ke nan, a ce ta hau sikeli. Waɗanda suka riga ni haihuwa sun ba ni labarin cewa a da ana zama a benci a yi waƙa, a tafa, sista ta yi wa mata bayani a tsanake. Mu ba mu sami wannan ba. A zamaninmu taron jama'a shi kansa abin tsoro ne. A caje ki a bakin ƙofa, ki shiga da sauri, a sallame ki da sauri, kowace mace tana satar kallon jakar ta kusa da ita.

Ranar da na je awo cikin wata na bakwai, sista ta dubi allurar sikelin, ta dubi katina, ta ce in sauka in sake hawa. Na sauka na sake hawa. Ta kama haɓa ta ce, "Ke kuwa me kike ci haka?" Matan da ke bayana suka yi dariya. Na ji kamar in nutse, kuma na ji haushi, don ban ga abin dariya ba. Ta ce in shiga wurin likita.

Likitan dattijo ne mai furfura, zai yi sa'an mahaifina, idanunsa jajur da gajiya. Tun a hanya na tsara abin da zan faɗa masa. Kaina yana yi mini kamar an ɗora dutsen niƙa, yatsuna ba sa lanƙwasuwa da safe, ƙafafuna in na ɗaga su kamar ba nawa ba. Amma da na zauna a gabansa ya ce, "To, 'yata, me ke damun ki?" sai duk jawabin ya gudu. Na sunkuyar da kai na ce, "Nauyi nake ji, Likita."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Nauyin wa? Nawa? Haba 'yata, ai ba a jin nauyin likita. Ku Fulani da fulako, sai Allah!"

Na buɗe baki zan gyara masa, na rufe. Ta yaya zan dubi mai furfura in ce masa, "Ba nauyinku nake ji ba"? Ai wannan rashin kunya ce tsagwaronta. Kafin in samo wata hanyar faɗa, ya riga ya koma kan katin.

Ya ce nauyina ya yi tsalle fiye da kima. Ya tambayi abin da nake ci, na faɗa masa, ya girgiza kai. "Tuwo, man shanu, fura da sukari, ga zama wuri ɗaya. Ki rage. In kika bari abin da ke cikinki ya yi girman da ya fi ƙarfinki, wuƙa za mu sa miki, kina ji na?" Ya ɗaura mini abin awon jini, ya ce ya ɗan hau. "Amma wa jininsa bai hau ba a garin nan? Nawa ma ya hau." Ya ce in rage gishiri, in dawo bayan mako biyu. Ban kai ƙofa ba ya kira ta gaba.

Cikin duk maganarsa kalma ɗaya ce ta bi ni gida: wuƙa. Ina tsoron tiyata fiye da yadda nake tsoron bam, domin bam kana iya kauce wa tasha. Sai na shiga horon kaina. In Goggo ta ajiye fura, in faki idonta in juye wa akuyarta. Tuwo loma uku in ture. Akuyar Goggo ce ta ci ribar dokar likita, har gashinta ya fara sheƙi, ni kuwa ina kwana da yunwa.

Abin da ya fara firgita ni shi ne, duk da yunwar nan ban daina ƙaruwa ba. Takalmana suka ƙi shiga, na koma sa silifas ɗin maigida. Zoben azurfar da ke yatsana ya nutse cikin nama, awarwaron ƙarfen da ke hannuna, wanda a da yake zamewa har gwiwar hannu, ya tsaya cak wuri ɗaya. Na gwada sabulu, na gwada man gyaɗa, ko gezau. In na dubi madubi sai in ga wata mata mai ƙananan idanu tana kallona. Wata rana na ji Goggo tana gaya wa maƙwabciyarmu, da ƙarfi yadda zan ji, "Kumburin ƙafa ai namiji ne. Haka na yi lokacin wancan." Ta nuna ɗakin maigida da baki, don shi ma ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

Ranar komawata awo ta faɗo cikin dokar hana fita. An kwana ana jin harbi daga bayan gari, aka ce kowa ya zauna a gida. Da aka sassauta dokar kuma sai wani sabon tsoro ya shigo, wai yanzu mata ake ɗaura wa abin a ƙarƙashin hijabi a tura su cikin jama'a. Maigida ya ce ba inda za ni sai ƙura ta lafa. Ban yi masa gardama ba. Me zan je in ji, in ba "ki rage ci" ba, ni da ba na cin komai?

Haka makonni suka shige. Wata safiya na tashi ina ganin wasu 'yan ƙyalƙyali suna yawo a idona kamar an watsa garin gilashi. Kaina kamar zai rabe, ga wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama. Na zauna a bakin gado na dafa cikina ina jira. Da ma da safe abin da ke cikina ya fi motsi. Na sha ruwan sanyi, na kwanta ta gefe, na sake jira. Shiru.

Maigida yana shirin fita shago na tare shi a ƙofa. Na ce, "Tun jiya bai motsa ba." Wannan ne karo na farko da na yi masa maganar cikin kai tsaye. Ya dube ni, ya ajiye makullan shagon a kan taga, ya fita neman napep ko hula bai sa ba.

A bakin asibitin layi biyu ne, maza daban mata daban. Aka raba ni da shi. Na sa babban hijabina, shi kaɗai ya rage da ke rufe ni. Rana ta fara zafi, gumi yana zuba, ƙasa tana jujjuya mini, ina tafe ina tangaɗi ina karanta hasbunallahu a hankali. Sai daga baya na gane yadda na kasance a idon mutane: ƙatuwar mace cikin hijabi har ƙasa, fuska a kumbure, baki yana motsi, hannaye a ɓoye.

Matar da ke caje mata ta goga mini sandar nan tasu mai ƙara. Da ta zo daidai hannuna da ke dafe da ciki, sandar ta yi kuka.

Ta yi tsalle baya. "Tsaya nan! Kar ki matso!"

Ban taɓa ganin layi ya watse da sauri haka ba. Mata masu tsohon ciki suna gudu, wata ta bar takalmi, wata ta faɗa kwata da goyonta. Ɗan sandan da ke gefe ya ɗaga bindiga ya saita ni. Ina ganin bakin bindigar yana rawa, don shi ma tsoro yake ji, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Ina jin muryar maigida daga can yana ihu, "Matata ce! Matata ce!" an riƙe shi.

"Fito da hannunki! Cire abin da ke hannunki ki jefar!"

Na fito da hannun, na kama awarwaron na ja. Ina zai fita? Na ja har fata ta sale. Na ce ba ya fita, muryata ba ta kai gare su ba. Ɗan sandan ya sake daka tsawa, na ji ƙarar ɗana bindiga.

A nan ne raina ya ɓaci, ɓacin da ya danne tsoron. Wata bakwai da ɗoriya ina ɓoye abu ɗaya, ban faɗa wa uwata ba, ban faɗa wa Goggo ba, yau kuma za a harbe ni a kansa. Na yaye hijabin gaba ɗaya na yar a ƙasa, a bakin titi, gaban maza da masu napep da masu sayar da lemo, na buɗe murya iya ƙarfina na ce, "Ciki ne! Ciki ne da ni! Ku dube shi!"

Ɗan sandan ya sauke bindigar. Na zauna daɓas a ƙasa.

Hayaniyar ce ta fito da likitan. Ya ratsa mutane ya tsuguna a gabana. Bai dubi cikin ba, hannuna ya kama, ya juya shi, ya dubi zoben. Ya danna babban yatsansa a ƙaurina ya ɗaga. Wurin ya lotsa kamar an danna tuwo mai zafi, ya ƙi dawowa.

"Tun yaushe kike haka?"

Na ce, "Tun ranar da na ce muku nauyi nake ji."

Ya dube ni. Na ga lokacin da ya tuna, na ga dariyar ranar ta dawo masa. Ya ce a hankali, "Innalillahi. Wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne." Sai ya miƙe yana kiran a kawo keke, da wata murya da ban san yana da ita ba.

Abin da ya biyo baya a gutsure nake tuna shi. Sista ta auna jinina, ta canja hannu ta sake aunawa. Na ji ana cewa jijjiga, a yi sauri kafin ta fara jijjiga. Aka yi mini wata allura da ta sa jikina ya ɗauki zafi kamar an kunna wuta a ciki. Wani ya zo da filaya ya datse zoben da awarwaron. Aka ɗora mini abin sauraro a ciki ana ta matsar da shi, ina kallon fuskar likitan, ban numfasa ba sai da ya ce, "Akwai bugu. Yana da rauni, amma akwai." Wuƙar da na yi ta kwana da yunwa don in guje mata, ita aka sa mini kafin azahar.

Mace ce, hasashen Goggo bai ci ba. Sai bayan kwana biyu aka tura ni a keke zuwa ɗakin da ake ajiye bakwaini, aka ciro ta daga kwalba aka sa mini a hannu. Na shirya hannuwana don karɓar jariri, sai suka yi sama, kamar wanda ya ɗaga tulun da ya zaci cike yake. Duk nauyin nan da na yi ta ja, wanda aka yi mini dariya a kansa, aka yi mini faɗa a kansa, aka kusa harbe ni a kansa, ba nata ba ne. Ita ko kazar gida ta fi ta. Na fashe da kuka, ina tunanin furar da na juye wa akuya, har sai da likitan ya rantse mini cewa ciwon ne ya hana ta girma.

Kullum da safe yana zagayowa. Bai ƙara yi mini zancen fulako ba. Ran nan ya tsaya a ƙarshen gadona ya ce, "Kin faɗa mini, 'yata. Ni ne ban ji ba." Na ji shi kuma yana tambayar wata a gadon kusa da ni, "Ina ne ke miki nauyi? Nuna mini da hannu."

Ni na yi ta sacewa, ruwan yana fita, har yatsuna suka dawo nawa. Ita kuma kowace safiya sai a ɗora ta a wani ɗan sikeli mai kama da faranti. Kwanakin farko raguwa ma ta yi. Sista ta ce haka suke yi, ban yarda da ita ba. Ina tatsar nono a kofi ana ɗura mata ta hanci, in tsaya a gaban sikelin nan ina roƙon Allah allurar ta motsa. Goggo tana zaune a tabarma a baranda da tasbaha. Ba ta shigowa, ba ta tambaya, sai dai in na fito ta dubi fuskata ta mayar da kai ƙasa.

Wata safiya sista ta ɗora ta, ta duƙa ta dubi allurar da kyau, ta ce, "Ta ƙaru kaɗan."

Na ce, "Sauke ta ki sake ɗorawa."