Gangarar da na kashe motar Yaya Sule

Damina ashirin da shida ke nan tun da muka kai Yaya Sule makwancinsa a Kankara, ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ba rashin abin faɗa ba ne. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a wuya, bana kuma gwiwoyina sun fara gaya mini cewa in na ƙara jinkiri, da ita za a rufe ni.

Yaya Sule wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, bakanike. Ni direba ne. A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, kowa na sayen sabuwar mota yana barin leda a kujera don a gani, mu kuwa tsohuwar a-kori-kura ɗaya gare mu. Da ita nake ɗauko dawa da masara daga kasuwar Yankara, wani lokaci har Sabuwa. In ta ci kaya ta zo hawa, sai masu kayan su sauka su tura. 'Yan tasha suka sa mata suna Hajiya Sannu.

Sunan ya fi ƙona Yaya fiye da ni. Wata rana ya dawo daga inda masu aikin hanya ke zubar da matattun injuna, da wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi a buhu. Ya ce sunansa turbo. Hayaƙin inji ne ke juya shi, shi kuma ya cusa iska ciki da ƙarfi, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Matsalar ita ce injin namu ba a yi shi don ɗaukar wannan matsi ba, sai an buɗe wa iskar wuri, in ba haka ba fistin ya fashe. Masu hali odar fistin suke yi daga Turai. Yaya ba shi da ko kuɗin zuwa Kaduna ya tambaya.

Wata huɗu ya yi a kai. Ya wargaza injin a kan tabarma, ya wanke komai da kananzir, ya sa sabon ringi, ya goge kan injin a bisa gilashin taga har ya daidaita. Ya ɗaura lagireton babbar mota. Gasket mai kauri, faifan da ake shimfiɗawa ya ɗaga kan injin don iskar ta samu wuri, shi ne ya gagara samuwa, sai matarsa Hajara ta cire farantin tagulla daga jerenta ta miƙa masa, ba tare da ya roƙa ba. Ya kai wa wani maƙeri a Pauwa, suka gasa, suka buga, suka yanka. Ni dai kallo nake, ina ƙorafin kasuwannin da ke wuce ni.

Ranar da zai ba ni makulli ya riƙe hannuna.

"Mamman, abu guda nika roƙonka. Kada ka kashe ta da zahi. Wanga abu baƙin mai ne ranshi. In ka kashe inji mai ya tsaya, shi ko yana nan yana juyawa. Ka bar ta ta huce tukun."

Na ce na ji.

To, mu direbobin wancan zamani akwai abin da aka koya mana tun muna koyon tuƙi. In ka kai ƙarshen hawa, sai ka fitar da giya, ka murɗa makulli, mota ta gangara kyauta. Mai na araha kamar ruwa a lokacin, amma direban da ya ƙona mai a gangara ana yi masa kallon wanda bai san aiki ba. Abin ya riga ya zauna a hannuna.

Mako shida motar ta yi tana ba mutane mamaki. Tana hawa tudu da kaya tana wani siririn fito, ba wanda ya sauka. Sai wata ranar kasuwa da la'asar, a hanyar Ruwan Godiya, na gama dogon hawa ina hira da mai masara, hannuna ya murɗa makulli. Na tuna a tsakiyar gangara, na ce sau ɗaya dai ba komai. Da na tashe ta a ƙasa, fiton ya koma ƙara, hayaƙi ya turnuƙe hanya. Turbo ya ƙone, gutsattsarinsa suka faɗa cikin injin suka gama da shi.

Da aka jawo mu gida, Yaya ya daɗe yana duba ɓarnar. Sannan ya ɗago.

"Ka kashe ta?"

"A'a, Yaya."

"To, aikina ne ke nan," ya ce, ya goge hannunsa.

Bai sake gwada wani sabon abu ba. Shekara ashirin da ɗoriya yana canza filogi da birki, 'yan tasha na kiransa Injiniyan Faranti, yana murmushi. Na yi niyyar faɗa masa sau da yawa. Kullum sai in ga ranar ba ta dace ba, har ya kwanta ciwon ajali, nan ma na ce kada in tayar masa da hankali. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

Yau ƙananan motoci da turbo suke zuwa, ba wanda ke juyowa ya kalla. In ya lalace a cire a jefar, a sayo na gwanjo. Ina jin da Yaya zai zaga garejin yanzu, zai tambayi inda aka ajiye masu gyaran, tunda masu cirewa su canja kawai yake gani. Mai ya yi tsadar da kowa ke kashe mota a gangara, hanyar Faskari kuma ba a binta sai da addu'a a baki. Na gaji da kallon wannan duka, na ajiye tuƙi tuni.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na je gaida Hajara, ta tsufa ƙwarai. Ta sa aka ɗauko wani ƙunshi daga akwatin Yaya. Gasket ɗin ne, farantinta, ba ƙuna ba tsaga, har zanen fulawar gefensa yana nan.

"Duk shekara sai ya hiddo shi ya jujjuya," in ji ta. "Ya ce shi dai har yanzu bai ga inda ya yi kuskure ba."

Ga abin da ya rage na Yaya Sule: 'ya'ya biyar, sufanu da suka yi tsatsa, da tagullar nan da ke shaida cewa hannunsa bai yi ƙarya ba. Mutanen Kankara da suka yi masa dariya, waɗanda suka rage, su ji daga bakina. Aikinsa daidai yake. Allah ya jiƙanka, Yaya, ka tambaye ni na ce a'a. Na kashe ta.