Ranar da Aka Ɗinke Cikin Karya

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba aka tura ni ƙasar Bakori a matsayin malamin dabbobi, ina saurayi sabon kama aiki. Aikinmu na shanu ne. Mu kafa shinge a bakin rafi, Fulani su koro garke, mu yi allurar rigakafin bushiya, cutar nan mai kashe shanu. Likitan da ke sama da mu a Funtuwa yake zaune, yakan zagayo mu a motarsa lokaci-lokaci. Dogo ne, mai ƙarancin magana.

Wata rana da hantsi, cikin kaka, auduga ta fashe fari fat a gonaki, muna tsaka da aiki kuma likita yana nan, sai na hango wani mutum tafe da ƙaton masaki a ka. A hankali yake takawa kamar mai ɗauke da tulu cike da ruwa. Bamaguje ne, magidanci, daga gidajen da ke bayan dutse. Da ya sauke masakin sai na ga karya ce ja a ciki, ta naɗe, an kifa mata ƙoƙo a ciki an ɗaure da tsumma.

"Sannu da aiki, Malam. Ina likitan?"

"Baba, ai na shanu muke yi a nan," na ce.

"Na sani. Amma an ce mini duk mai ƙafa huɗu yana dubawa."

Likita ya ji mu, ya matso. Mutumin ya ce da safe birai suka sauko masa gona, inda ya tara gyaɗa. Jikarsa, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, tana zaune a gindin tarin. Babban gwaggon biri ya nufo wajen, karyar ta shiga tsakani. Yarinya ko ƙwarzane ba ta samu ba, ita kuwa karyar ya farke mata ciki.

Likita ya kwance tsumman, ya ɗaga ƙoƙon. Hanji ne a waje. Na sha ganin hanji a mahauta, amma na dabbar da ta riga ta mutu. Wannan kuwa motsi yake yi a hankali, mai shi tana kallona da ido.

"A tafasa ruwa, a zuba gishiri," in ji likita. "A dakatar da shanu."

A bayan mota muka shimfiɗa ta. Ya yi mata allurar barci a jijiyar ƙafar gaba, kafin ya zare allurar kanta ya langaɓe. Mai ita ya dafa ƙirji.

"Likita, ta tafi?"

"Barci take yi, Baba. Dubi haƙarƙarinta."

Fulani suka bar shanunsu suka kewaye mu. Wani dattijo a cikinsu, wanda na tabbata bai taɓa yarda kare ya kusanci shimfiɗarsa ba, ya cire malafarsa yana korar ƙudaje. Wasu samari suka ɗaga tabarma suka yi mana inuwa. Likita ya wanke hanjin, yana bin sa kaɗan-kaɗan da yatsu kamar mai warware zare, yana neman inda ya huje. Bai samu ba. Ya fara mayar da shi ciki, sai ya tsaya cak.

"Malam, wanke hannunka sosai ka kawo."

Ya kama yatsuna ya ɗora su a kan wani abu mai ɗumi can ciki. Na tsayar da hannuna a wurin. Sai abin ya motsa, ya ɗan ture ni, kamar wanda aka dama cikin barcinsa.

"Tana da ciki," in ji shi. "Haƙorin birin bai kai ga 'ya'yan ba."

Uwa a farke, ba ta san inda take ba, ga wani rai a can ciki yana harkarsa. Ban san lokacin da na ce subhanallahi ba, na ji dattijon nan ya amsa daga bayana.

Likita ya ɗinke ta hawa-hawa, na ciki daban, fata daban. Sai bayan la'asar ta farka. Ta ɗaga kai da ƙyar, ta shinshina iska har hancinta ya samo ubangidanta, wutsiyarta ta bugi ƙarfen mota. Wurin ya kaure da salati da sowa.

"Ban yi maka alkawari ba, Baba," likita ya ce. "Sauran yana hannun Allah. A ba ta kunu mai ruwa-ruwa, kada a bari ta lashi ɗinkin."

Ni aka ɗora wa zuwa yi mata allura, nakan hau keke in je. Matan gidan sun huda faifai sun zura mata a wuya don kada bakinta ya kai ga ciwon. Da farko zazzaɓi ya rufe ta, ta ƙi cin komai, uwargida ta riƙa ɗura mata madara da ludayi. Daga baya ta miƙe, na cire zaren.

Ana cikin kai auduga kasuwa mutumin ya aiko mini cewa ta haihu a ƙarƙashin rumbu. Ɗaya ya zo ba rai, sauran lafiya lau. Da likita ya zagayo na gaya masa, ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce in kai shi.

Mun tarar da ita kwance a inuwa, 'yan kwikwiyo na tsotso, idonsu bai buɗe ba. Tana ganina ta yi gurnani, ta tuna da allura. Mai gida ya tuntsire da dariya. Muka ja baya muka tsuguna, likita ya cire hula ya riƙe a hannu. Mun daɗe a haka muna kallo, har uwargida ta kawo mana ruwa a ƙwarya.