Yayen Shekara Goma Sha Uku

Shekarata tara a ɗakin miji a Talata Mafara ban taɓa ko ɓatan wata ba. Na sha rubutu, na sha saiwa, na je asibiti har likita ya gaji da ganina. Duk sunan da aka yi a unguwarmu ni ce mai tuƙa tuwo, da yamma kuma in koma gida hannu rabbana. Ba ni da haƙuri, wannan kowa ya sani, kuma rashin haihuwa bai ƙara mini ba.

Wata maƙwabciyata ce ta ce in je ofishin jin daɗin jama'a in tambayi yadda ake karɓar riƙon yaro. Na ce wa maigidan asibiti za ni, na wuce can. Matar da na tarar ta zaunar da ni ta yi mini bayani tiryan-tiryan. Sai mun kawo takarda daga mai unguwa, da ta likita, da shaidar cewa mijina yana da abin ciyarwa. Za su zo su ga gidan, su tambayi maƙwabta halinmu, kafin alƙali ya sa hannu. Ta ce in sani riƙo ne ba haihuwa ba. Yaron ba zai amsa sunan mijina ba, kuma ba zai ci gadonmu ba, sai abin da muka ba shi da ranmu ko muka yi wasiyya. Bayan haka za su riƙa leƙowa lokaci-lokaci, in sun ga abin da bai yi musu ba su ɗauke shi.

Wannan na ƙarshen ne ya tsaya mini a rai, don ni ɗan da nake so shi ne wanda ba mai zuwa leƙensa. Maigidan kuwa, da ya dawo daga gonar shinkafarsa ta wajen Bakura na faɗa masa, ko wanke ƙafa bai gama ba ya kashe maganar. Ya ce ba zai riƙe wanda bai san asalinsa ba alhali ga 'ya'yan dangi.

Dangina mutum ɗaya ce, ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goya ta bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tana aure a Damaga ta ƙasar Maradun, gidan masu shanu, kuma a lokacin tana goyon 'yarta ta fari. A al'ada in za a yaye yaro gidan kakarsa ake kai shi, ya yi 'yan makonni ya manta nono, sannan a mayar wa uwarsa. Mu ba mu da uwa, saboda haka ni aka kawo wa. Wata Talata ta zo a motar 'yan kasuwa da ƙwaryar fura da 'yan riguna uku ƙulle a ɗankwali. Ta kwance yarinyar daga bayanta ta ajiye a kan tabarmata, ba ta ko dube ta ba. Da la'asar ta koma, gaban rigarta jiƙe da nono.

Rashin dubawar nan ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma a gidan da take aure abin ya fi na ko'ina tsanani. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta sunkuyar da kai. Wadda ta buɗe baki ta ce a ba ta shi, ta zama abin zunɗe har tsufanta. Na san wannan sarai, kuma da shi na yi aiki.

Kwana arba'in suka cika ban aika a zo a ɗauke ta ba. Na ce yarinya tana mura. Da mura ta warke na ce damina ta yi ƙarfi, da damina ta wuce na ce hanyar Maradun ba lafiya. Gaskiya ne ba lafiya, amma ta wannan hanyar ƙanwata take biyowa ta zo. Uban yarinyar shi ma kunyar ta ɗaure shi, sau ɗaya tak ya aiko yayansa. Na tsaya bayan labule na yi kukan da aka ji har zaure, maigidan ya ce a bari sai bayan salla. Ba a faɗi wace sallar ba.

Yarinya ta buɗe baki da kirana Inna, uwarta kuma ta zama Inna ta Damaga. Na so ta, wannan ba zan ɓoye ba. Ni na yi mata kitson farko, ni na riƙe hannunta zuwa makaranta, in ta yi zazzaɓi ni ma ba na iya cin abinci. Ƙanwata takan zo ranar Talata, ranar kasuwa, da man shanu a ƙaramar kwalba ta ce a ba yaran gida, ta kuma san yarinya ɗaya ce a gidan. Takan zauna ta ba yarinyar baya, tana kallonta ta wutsiyar ido. Wata rana na fito daga madafa na tarar da ita ta tusa fuskarta cikin hijabin yarinyar da na shanya a igiya. Da ta ji motsina ta sake shi kamar ta taɓa wuta. Na yi kamar ban gani ba, amma tun daga ranar ban sake yin shanya ranar Talata ba.

Ta haifi maza biyu bayan haka. Ɗaya ƙyanda ta ɗauke shi, ɗaya bai kai suna ba, daga nan haihuwa ta tsaya mata. Duka biyun ni kaɗai na je gaisuwa. Na bar yarinyar a gida don kada wata tsohuwa ta ce a bar mata wannan ta rage zafi.

Tana shekara tara, ina taje mata kai, ta ce, “Inna, mi niy yi ma Inna ta Damaga ba ta dubana?” Amsar gaskiya ba ta da wuya, kowace mace a unguwar za ta iya ba ta. Ni kuwa sai na ce, “Da tana son ki, da ta bar ki nan?” Na ci gaba da taza. Ba ta sake tambaya ba, kuma daga ranar in uwarta ta shigo sai ta gaishe ta a tsaitsaye ta shige ɗaki. Daɗi na ji, Allah Ya yafe mini.

Shekara goma sha uku da kawo yayen, ciwo ya kama ƙanwata. Aka kawo ta asibiti, da likita ya ce a koma gida sai aka kwantar da ita a ɗakina, don ba za ta iya jure hanya ba. Ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Da hantsi na aiki yarinyar ta kai mata kunu, na bi bayanta da cokali. Ƙanwata ta ɗago kai ta dube ta ido cikin ido, ta kira sunanta na yanka a gabana, sau biyu, ta miƙa mata hannu. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar.

Yarinyar ta ajiye kofin a ƙasa, nesa da hannun. Ta ce, “Yau kinka san sunana? Da kina so na, da ba ki bar ni nan ba.” Ta juya ta fita.

Ƙanwata ta san wannan ba maganar yaro ba ce. Ta daɗe tana kallona, ni kuma ina tsaye da cokali. Sannan ta ce, a hankali, “Yaya, yaye nik kawo maki. Ba a ƙare ba har yau?”

Kwana huɗu bayan haka ta rasu. Ban ba ta amsa ba, kuma ban kira yarinyar na gyara maganar ba, ina tsoron in ta sani ta tsane ni.

Yanzu yarinyar tana aure a Bakura. Ranar sunan ɗanta na fari na same ta zaune a ƙuryar ɗaki, kanta a sunkuye, mata suna tsokanarta ta faɗi sunan jaririn tana ƙi, hannunta kuwa yana ƙarƙashin zane riƙe da ƙafarsa. Ta ɗago ido ta dube ni, na gane yanzu ta san abin da ya hana uwarta dubanta, ba sai an yi mata bayanin komai ba. Da lokacin yaye ya matso na sayi sabuwar tabarma, na jiƙa gero, na jira Talata uku. A ta huɗun wata mai sayar da kuka ta faɗa mini a kasuwa cewa ta yaye shi a ɗakinta, kuma duk surutun da dangin miji suka yi ba ta ba kowa shi ko na kwana ɗaya ba.