Yatsun Malam Bawa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo min waya daga Argungu, Malam Bawa ya rasu.

Tun ɗazu nake ganin ana rubuta wai "ya huta da wahala". Don Allah ku bari. Ba ku san mutumin ba.

Tare muka koyar a firamare, tun Argungu na cikin jihar Sakkwato. Wata Asabar ya faɗo daga saman motar albasa a hanyar Birnin Kebbi, ya karye a wuya. Ƙafafu suka daina aiki. Yatsu suka lanƙwashe, ko ɗaya ba ya motsawa. Wuyan hannu kawai yake iya ɗagawa.

Da aka sallamo shi, dangi suka kira mai ɗori da man kaɗanya, wai a ja yatsun su miƙe. Ina zaune a wurin.

Malam Bawa ya ce, "Wallahi ba mai taɓa min hannun ga."

Yayarsa Kulu ta fashe da kuka. "Haba Bawa, haka za ka zamna da hannu dunƙule?"

Ya ce, "Yaya, kawo cokali."

Ashe wata nas ta nuna masa dabara a asibiti. In ya ɗaga wuyan hannu, lanƙwasassun yatsun nan sai su matse da kansu, su riƙe abu. In aka ja su suka saki, shi ke nan, sai dai a riƙa ba shi abinci a baki. Abin da ya rantse ba za a yi masa ba ke nan.

Cokalin ya yi ta faɗuwa, miya ta ɓata masa riga. Sai ya ce a miƙo, ya sake gwadawa. A ranar, da hannunsa ya ci tuwon shinkafa.

Daga cokali ya koma alli, ya koma ajinsa a kan keken guragu.

Da matata ta rasu, shi ya fara rubuto min ta'aziyya, baƙaƙe manya-manya a karkace. Takardar tana nan cikin akwatina.

Da ƙaramar Sallah na je gaishe shi. Na tsokane shi na ce, "Malam, har yau ba a miƙe su ba?"

Ya yi dariya har da tari. "Bari in ƙare aiki da su. Ran da nit tahi, ku miƙe abinku."

Yanzu ina cikin mota, suna jirana a yi masa wanka. Ka ƙare aikinka, Malam. Ni zan miƙe su, a hankali.

Allah Ya gafarta maka, Ya ba ka littafinka a wannan hannun na dama. Duk wanda ya karanta, tausayi ba ma so, ya sa shi a addu'a.