Ƙasa a Goshin Inna

Inna ta yi shekaru tana sallah zaune a kan kifaffen turmi. Gwiwoyinta sun ƙi ɗaukar jikin, jikin kuwa ba na wasa ba. In za mu Wara wurin danginta ta shiga jirgin ruwa, sai mai jirgi ya roƙi rabin fasinja su koma ɗaya gefen. Matan unguwarmu a Yelwa kuwa kullum "Tubarkalla, hutu ya karɓe ki," kamar su ne ke ɗaga ta in ta zauna.

Tun Yelwa na cikin Jihar Sakkwato, Baba ya sayo firiji, ya cika shi da lemon kwalba don kowa ya san yana ƙaunar matarsa. Ruwa ya zama abin alwala kawai.

Wata malamar asibiti ce ta gaya mata gaskiya: ta bar zaƙi, ta koma ruwa, da zoɓo da tsamiya ba sukari. Inna ta dawo ta ce mini, "Ɗiyata, ina son goshina shi taɓa ƙasa kahin a sa ni cikinta." Ranar na yi kuka.

Ta bar lemo, tana shan tsami tana yamutsa fuska. Sannu a hankali zane ya fara zagaya ta har da rara. Sai labari ya cika unguwa: Inna ba lafiya. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce cinikin kifin Baba ya karye.

Aka shiga zuwa dubiya. Me ake kai wa majiyyaci a garinmu? Lemon kwalba! Kowace ta zo da nata a ɗaure cikin gyale, ta buɗe da haƙori, ta tsare Inna da ido sai ta sha. Gwaggo, yayar Baba, ita ce babbar likitarsu.

"Mi as same ki kinka lalace haka? Sha ki maida jiki!"

"Na gode Yaya, sai an jima."

Mai ƙin shan abin dubiya ta raina mutane, haka suka yanke. Gwaggo ta yi fushi ta daina shigowa, mu kuwa muka shanye kwalaben saboda zumunci.

Wata la'asar na ga Inna ta ture turmin da ƙafa. Ta yi ruku'u, ta sauka a hankali, ta kai goshi ƙasa. Ta daɗe har na zaci ta kasa tashi. Ashe kuka take.

Tana sallamewa wata maƙwabciya ta shigo da kwalba biyu, ta ce, "Wayyo, dubi ƙasa a goshinki," ta kai hannu za ta share.

Inna ta riƙe hannun. "Bar min abina."