Jan Bulon Ɗakin Inna

Shekarar da na samu aikin koyarwa a wata sakandare kusa da Makoda, na dawo gida da sabuwar cuta: duk abin da na kalla sai na ga yana neman gyara. Wanda ya fi tsone mini ido shi ne ɗakin Inna, mahaifiyata. Tsohon ginin tubali ne, kowace bazara sai an yi masa yaɓe, kowace damina sai ta jera kwanuka tana tarar yoyo. Na ci alwashin sai na yi mata ɗakin jan bulo, gasasshe, wanda ruwa ba ya ci.

Siminti ya fi ƙarfina, amma yumɓu ga shi nan a bakin kududdufi. Na kuma taɓa karanta cewa in aka zuba ɓawon gyaɗa a kwaɓin, wuta za ta cinye shi ta bar ƙananan ramuka, bulon ya rage nauyi, ɗaki ya yi sanyi. Wannan na riƙe gam. Inda aka faɗi iya abin da ake zubawa kuwa ban kai can ba, don a ganina na riga na gane. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Na kira maginin garinmu, dattijo ne sa'an marigayi mahaifina. Ya tsaya yana kallona ina juye ɓawo kwando bayan kwando.

"Malam, wannan ɓawon bai yi yawa ba kuwa?" in ji shi.

Na ce, "Baba, ku ma ai ciyawa kuke labta wa tubali, ita ke riƙe shi."

"Tubali rana ke busar da shi, ciyawarsa na nan ciki. Naka wuta za ka kai shi. In ta cinye ɓawon, me zai riƙe ƙasar?"

Na zuba masa bayani mai tsawo, rabi da Turanci. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da taka kwaɓi.

Babbar wautar tana gaba. Gidajenmu a matse suke, gona ta zo har gindin katanga, ba filin sabon gini. Saboda haka tun bulon na shanye a rana, ban gasa ko ɗaya na gwada ba, na sa aka rushe tsohon ɗakin. Na kai Inna gidan ƙanwata a ƙauyen gaba, na ce mata mako uku kawai. Ba ta so ba. Mace irin Inna, da ko ruwa ba ta sha a gaban mijin 'yarta, ita na ɗauka na ajiye a gidan suruki.

Muka jera bulo, muka cusa kara da itace, hayaƙi ya yi kwana biyu yana tashi. Da ya huce ya fito jawur, ba nauyi. Na riƙa cilla ɗaya sama ina cafewa don masu wucewa su gani. Baba magini ya karɓa ya tsoma a bokiti. Bulon ya yi ta ɓulɓul yana shan ruwa kamar wanda ya kai azumi. Baba ya ciro shi ya danna da babban yatsa, gefen ya marmashe.

"Malam, ai ƙuli-ƙuli ka toya," in ji shi.

Na ji zafin maganar, kuma don na ji zafin ne na ce a gina a haka. Gini ya kai taga ruwan farko ya sauka. Ana ruwa na uku bangon gabas ya yi ciki, ya kwanta.

Mako uku ya zama damina guda har da kaka. Ƙanwata ta gaya mini Inna ba ta fitowa tsakar gida sai mai gidan ya tafi gona, tuwo ma a bayan ƙyaure take ci. Duk ranar da na je gaishe ta sai ta tambaye ni makaranta da ɗalibai, ba ta taɓa tambayar ɗaki ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da rani ya dawo na koma wurin Baba magini na ba shi haƙuri. Ya sa aka daka ɓawon ya yi laushi, aka ɗan barbaɗa kamar gishiri a miya. Wannan karon bulon ya yi ƙarfi, ɗakin kuma ya yi sanyi, ko ba komai karatuna bai tashi a banza duka ba.

Ranar da na dawo da Inna na tsaya a bakin ƙofa ina jiran yabo. Ta shiga da bismilla, ta shafa bango, ta sa mini albarka. Sai ta tsaya a tsakiya tana waige-waige.

"Ka sauya wa ƙofar wuri," in ji ta. "Ta ina gadona yake a da?"

Na duba, na kasa gane wurin. Na ce mata ai duk inda take so za a sa.

Ta ce, "Ba gadon nake nema ba. A kusurwar da yake na haife ka, a nan kuma mahaifinka ya cika. Ina so in san inda zan riƙa kallo ne."

Na auna tsawo, na auna faɗi, na auna ɓawon gyaɗa har sau biyu. Kafin in sa a rushe, ban tambaye ta ko kalma ɗaya ba.