Almakashi a Jallabiyar Sallah

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah masu ɗaukar fim suka zo ƙauyenmu daga Khartum. Suna neman yaron da zai fito a matsayin ɗan talaka mai juriya, wanda yunwa da mulkin soja ba su hana shi murmushi ba. Duk yaran garin mun cancanta, amma ni aka zaɓa, wai idanuna cike suke da labari. Ciwon ido nake fama da shi a lokacin.

Da Inna ta ji duniya za ta kalli ɗanta, sai ta dirje ni da sabulu, ta mulke ni da man riɗi, ta ciro sabuwar jallabiyata ta Sallah. Kaka guda ta yi tana tsintar auduga a gonar wasu kafin ta saye ta.

Daraktan ya dube ni ya dafe kai. "La, la, ya walad! A'a, yaro! Ai wannan ɗan attajiri ne." Ya sa almakashi ya ɓarka kafaɗar da aljihun, ya turmuza rigar a taɓon tur'a, wato magudanar ruwan gona. Sai a lokacin, in ji shi, na yi kama da kaina. Aka ce in yi ta gudu a bakin ruwa ina murmushi. Wuni guda ina gudu yana cewa murmushin bai yi ba. Ina zai yi, hankalina yana kan kafaɗar nan?

Wani ɗan amni, wato jami'in tsaron gwamnati, mai baƙin tabarau yana tsaye a inuwa yana kallonmu. Da masu fim ɗin suka kama hanyar garin Sinnar aka tare motarsu, aka ƙwace kaset ɗin. Dalili kuwa, wai babu talauci a ƙasar, yaga rigar yaron ma aka yi da gangan. Rabin maganar dai gaskiya ce, ni shaida ne.

Inna ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Ta wanke rigar, ta ɗaga ta a rana, ta ce, "Mutanen ga, da sun tambayi tsohuwar rigar ai tana nan. Ita ba ta buƙatar almakashi."

Ranar Sallah na fita zuwa idi da ɗinki baro-baro a kafaɗa. Inna tana bakin ƙofa tana kallona, sai na yi mata murmushi don kada ta ga abin da ke raina. Shi ne wanda daraktan ya wuni yana nema, kuma babu kyamara a wurin.